Sanarwa ga masu sarin waya: abin dubawa kafin odar wannan wata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin ku tura kuɗin kaya, ku duba yadda Transsion, kamfanin China mai Tecno, Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka, don shi zai nuna muku abin da mai saye ke nema.

Kamfanin ya lura cewa mutane na yawo da layi biyu saboda matsalar sabis da tsadar kira tsakanin layuka, sai ya sa gurbin SIM biyu. Ya ga wutar lantarki ba ta tsayawa, ya ƙara girman batir, har 5000mAh ya zama ruwan dare. Ya gyara kyamara ta fito da baƙar fata tas, sannan ya buɗe Carlcare domin gyara. Itel na mai ƙaramin ƙarfi ne, Infinix kuma na matasa.

Inda ake tafka asara shi ne waya mai RAM (ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita) 2GB da ma'ajiya 32GB. Bidiyon WhatsApp kan cika ta da wuri, ta riƙa sanƙarewa, mai saye ya dawo da fushi. Don Allah ku fifita 4GB da 64GB, kuma ku tambayi masu gyara ko gilashinta da bakin cajinta suna samuwa a kasuwa.