Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano Kan Samarin Da Ke Yashe Mana Kwata

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da mashawarta nagari.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan samarin unguwanni masu fitowa aikin gayya, musamman waɗanda suke yashe kwatoci da lambatu kafin saukar damina. Ina cikin dattawan da suke zaune da irin waɗannan yara a unguwarmu, a hannuna suke ajiye ɗan kuɗin karo-karonsu, don haka abin da zan faɗa ganau ne, ba jiyau ba. Babbar buƙatata guda ce: ranar da yara suka yashe kwata, gwamnati ta turo motar da za ta kwashe abin da suka fitar, a wannan ranar, kafin hadari ya haɗo.

Bari in faɗa maka yadda aikin yake. A saman kwata ledojin ruwa ne da robobin lemo, waɗannan manjagara ma ta isa ta janye su. Wahalar tana ƙasa, inda baƙin taɓo ya shekara yana kwanciya, haɗe da yashi da fasassun kwalabe da tsumma, wani lokaci har da mushe. Yaro zai naɗe wando ya shiga har gwiwa, yana sa shebur yana jefowa waje, ɗan'uwansa yana lodawa a baro. Inda masu shaguna suka rufe kwata da murfin siminti, sai mutum huɗu sun sa ƙarfe sun ciccibe shi. In aka zo kwalbatin da ya toshe a ƙarƙashin titi, mafi ƙanƙantar jiki a cikinsu ne yake durƙusawa ya shiga, wani yana haska masa da fitilar waya, yana zaro abin da ya cushe da hannunsa. Warin da ke tashi a lokacin ba ya barin jikin mutum ko ya yi wanka sau biyu. Da yawansu da silifa suke shiga, domin takalmin roba ya fi ƙarfin aljihunsu.

Su wane ne waɗannan yara? Ɗaliban Jami'ar Bayero ne da na Kwalejin Sa'adatu Rimi, da teloli, da masu gyaran waya a Farm Centre, da 'yan adaidaita sahu da suke ajiye abin hawansu su yi asarar cinikin safiya. Su suke kiran taron da kansu ta WhatsApp, su je su sanar da mai unguwa, su roƙi liman ya yi shela bayan sallar asuba. 'Yan mata suna share abin da ya watsu a ƙofar gidaje, iyaye mata kuma suna aiko da koko da ƙosai, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya. Su ne dai za ka tarar a maƙabarta suna cike kaburburan da marka ta rufta, su ne ake bugawa waya cikin dare in wata ta haihu tana buƙatar jini a Asibitin Murtala.

Ina jin zafi idan aka ambaci samarin Kano sai a tsaya a kan daba da ƙwacen waya. Matsalar tana nan, ba na musunta, mu ne muke kwana da ita. Amma akwai wani yaro a layinmu da a da in ya taho mutane kan canza hanya. Abokansa suka ja shi gayya wata Asabar, aka ga ƙarfinsa wajen ɗaga murfin kwata, dattawa suka sa masa albarka a gaban jama'a, abin da ina jin bai taɓa samu ba. Yanzu shi ne yake riƙe da mukullin ɗakin da muke ajiye shebur, kuma ko tsinke bai taɓa ɓata ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. In an gama yasa, taɓon nan yana tsaye tsibi-tsibi a bakin titi. Baro ba zai kai shi juji ba, kuɗin hayar tifa kuma ya fi abin da muka tara nesa ba kusa ba. Mun taɓa zuwa wani ofishi neman mota, aka ce mana akwai, amma sai mun zuba mata mai mun kuma sallami direba. Muka dawo muna lissafi, kafin mu haɗa kuɗin ruwa ya sauko da daddare, ya mayar da komai cikin kwatar da aka yini ana haƙa. Da gari ya waye mutane suna wucewa suna cewa, "Ai dama wahalar banza suke yi." Da aka sake kiran gayya, ko rabin waɗanda suka fito a baya ba su zo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ke kashe aikin gayya a birnin nan ke nan, ranka ya daɗe. Yara ba su gaji da aiki ba, sun gaji da ganin aikinsu yana komawa inda ya fito.

Kuma in za a bi doka, wannan aiki na hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da magudanan ruwa da kwashe shara da maƙabartu. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jiha kuma tana da Ma'aikatar Muhalli da hukumar kwashe shara ta REMASAB, ga tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata da ake taƙaita zirga-zirga dominta. Kayan aikin duk suna nan, ba sabuwar hukuma muke nema ba. Abin da ya rage a haɗa su da yaran. A fitar da lambar waya guda wadda shugaban samari zai kira mako guda kafin gayya, mai unguwa ya shaida, a rubuta ranar, mota ta zo. A fara da ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, inda cunkoso ya fi yawa, daga baya a faɗaɗa zuwa sauran 36 ɗin. Ciyaman ɗin da motarsa ba ta zo ba, a tambaye shi dalili.

Sai kayan aiki. Shebur, baro, manjagara, takalmin roba, safar hannu da takunkumi, a damƙa su a hannun mai unguwa da rubutu, a riƙa ara ana mayarwa. Wanda kwalba ko ƙusa ta yanka a wurin gayya kuma a wanke masa ciwon a yi masa allurar titanus kyauta a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Bai kamata yaro ya ji ciwo a aikin jama'a sannan mahaifiyarsa ta ci bashi don yi masa magani ba.

Akwai abin da nake roƙo kada a yi, kuma ya kai na farkon muhimmanci a wurina. Kada a raba wa yaran nan tsabar kuɗi, kada a ɗinka musu riguna masu hoton kowa, kada a naɗa musu shugabanni daga sama. Na ga ƙungiyar da ta yi shekaru tana aiki lafiya, wani mai neman kujera ya kawo mata kuɗi a ambulan, kafin wata ya ƙare ta dare gida biyu, kowane ɓangare yana zargin ɗaya da cin amana. A layin gayya ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan suna miƙa wa juna shebur, domin ruwa in ya shigo ɗaki ba ya tambayar katin kowa. Ranar da aka ce gayyar wane ce, rabin unguwa za ta zauna a gida. In ana son a saka musu, a ba wanda ya daɗe yana fitowa takardar shaida mai sa hannun mai unguwa da hakimi, a kuma riƙa duba ta lokacin ɗaukar ma'aikata a REMASAB ko hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA, ko lokacin raba tallafin karatu da koyon sana'a.

Akwai kuma abin da shebur ba zai iya ba. Kududdufan da a da suke shanye ruwan birni an cike da yawansu an yi gini, an kuma gina shaguna a kan hanyoyin ruwa. Kowa ya tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dukiyar 'yan kasuwa. Ko yara sun yashe kwatar layinsu tas, in babbar magudanar da za ta kai ruwan zuwa rafin Jakara a toshe take, gidajensu ruwan zai dawo. Wannan sai injin haƙa da ƙarfin doka, kuma a hannunka suke.

Watannin Afrilu da Mayu ne lokacin yasa, kafin ruwa ya kankama. Ina roƙon a ba da umarni tun kafin lokacin, a sanar a gidajen rediyo yadda kowa zai ji. In kuma Allah ya ba ka sarari wata Asabar da safe, ka shigo ɗaya daga cikin lungunan nan ba tare da an sanar ba, ka tsaya a bakin kwata, ka tambayi yaran da ke ciki abin da suke buƙata.

Allah ya ƙara wa Kano albarka, ya ba mu damina mai albarka.

Naka mai biyayya,
Wani dattijo daga cikin birnin Kano