Hoton da kuka buga na raiɗore ne, ba na tafasa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Maradi game da sharhin da jaridarku ta buga kwanan baya a kan ganyayen daji da ke rufa wa talaka asiri idan rumbu ya yi ƙasa. Sharhin ya yi ma'ana, kuma na ji daɗin ganin an ba tafasa matsayin da ta cancanta, sai dai hoton da aka ɗora aka rubuta tafasa a ƙarƙashinsa hoton raiɗore ne. Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona a ƙauyukan da ke bakin Gulbin Maradi kafin in yi ritaya, kuma da a ce kuskuren na rubutun suna ne kawai da ban ɗauki alƙalami ba, amma ɗaya daga cikin tsirran nan biyu abinci ne, ɗayan kuwa 'ya'yansa suna da dafi.

Ban ga laifin wanda ya zaɓi hoton ba sosai, domin tsirran 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna cikin babban dangin wake da gyaɗa da bagaruwa, wato masu zuba 'ya'yansu a cikin kwanso, dukansu suna fitowa da ruwan farko a bakin hanya da kan juji da wuraren da dabbobi suka kwana, kuma dukansu suna yin fure rawaya mai kunnuwa biyar wanda yake a buɗe, ba kamar hudar wake ba. Wanda ya hango su daga kan babur a watan Agusta zai ce abu ɗaya ne. Wanda ya tsuguna ya kama ganye da hannunsa kuwa ba zai ƙara haɗa su ba har abada.

Ganyen tafasa, wadda masana suke kira Senna obtusifolia, haɗaɗɗe ne, wato sanda guda ce siririya ɗauke da ƙananan ganye suna fuskantar juna biyu-biyu. A tafasar da ta girma jerin uku ne, ganye shida ke nan, ko da yake a ƙaramin tsiro akan ga jeri biyu, kuma biyun da ke can ƙarshen sanda su ne suka fi girma. Kowane ɗan ganye siriri ne a gindi, yana faɗi yana zuwa sama, bakinsa a dunƙule kamar bakin ludayi, ba shi da tsini. Ma'anar kalmar obtusifolia ke nan a Latin, mai dakusasshen ganye, kuma masanin tsirrai Linnaeus ne ya raɗa mata wannan suna tun 1753. Idan mutum ya duba tsakanin ganye biyu na farko, na kusa da kara, zai ga wani ɗan tsinke a tsaye, bai fi kan allura ba. Da magariba ganyayen sukan haɗe su rufe kamar an tafa hannu, su buɗe da safe. Furen yana fitowa ɗaya ko biyu a hammatar ganye, daga bisani ya zama kwanso siriri, dogo, mai kai tsawon santimita 15 ko fiye, a lanƙwashe ƙasa kamar lauje. 'Ya'yan da ke ciki masu ruwan ƙasa ne, masu sheƙi, kuma an yanke bakunansu a karkace kamar an gitta su da wuƙa.

Raiɗore, Senna occidentalis, ya saɓa mata a kowane ɗayan waɗannan wurare. Ƙananan ganyensa sukan kai jeri huɗu ko biyar, kuma kowanne yana ƙarewa da tsini kamar bakin mashi, wanda shi ne abin da ya fara ba ni shaida a hotonku tun kafin in ƙirga ganyen. Ɗan tsinken nan, wanda a raiɗore ƙullutu ne, ba ya tsakanin ganye, yana can gindin sanda daf da inda ta manne da kara, baƙi-baƙi, a dunƙule. Karansa yakan yi ja-ja, ya fi na tafasa ƙarfi, yana iya wuce tsayin ƙugun mutum nesa, har ya shekara a wuri mai damshi. Kwansonsa a baje yake, ya fi na tafasa faɗi, yana kallon sama, tsakiyarsa ya fi gefensa duhu, 'ya'yan kuma faɗi gare su. Sannan akwai wari. Ita ma tafasa tana da nata ɗan ƙauri idan an murza ta, ba na musun wannan, amma warin raiɗore mai nauyi ne, irin wanda yake zama a yatsa, shi ya sa ko akuya takan ratsa shi ta wuce in dai tana da wani abin ci.

Akwai na uku da ya kamata a ambata tunda an zo gidan, wato filasko, Senna italica. Shi bakin ganyensa a dunƙule yake kamar na tafasa, kuma a nan ne mai gaggawa zai iya ruɗewa, amma yana yaɗuwa ne kusa da ƙasa, launinsa ya ɗan yi toka-toka, jerin ganyensa ya fi uku, furensa kuma a tare yake fitowa a kan zangarniya. Kwansonsa gajere ne, faffaɗa, a lanƙwashe kamar ƙoda, da wasu ƴan tudu a jere a tsakiya. Kowa ya san aikin filasko, maganin wankin ciki ne, kuma duk wanda ya yi kwaɗo da shi zai kwana yana zarya.

Dalilin da ya sa na damu shi ne 'ya'yan raiɗore ɗanyu suna lalata tsoka da hanta. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin haka a shanu da awaki da kaji waɗanda suka ci su a kiwo ko a cikin hatsin da ba a tsince ba. A Indiya, a yankin Saharanpur na yammacin jihar Uttar Pradesh, an yi shekaru yara ƙanana suna mutuwa bayan damina da wata cuta da aka ɗauka ta ƙwaƙwalwa ce mai yaɗuwa, sai a wajajen 2007 likitocin yara na can suka danganta ta da cin 'ya'yan wannan tsiro, wanda yaran talakawa suke tsinka suna taunawa a wurin wasa. Na san mutanenmu suna amfani da raiɗore wajen magani, ana dafa ganyensa a yi wanka ko surace idan zazzaɓi ya kama mutum, kuma a ƙasashe da dama ana soya 'ya'yansa a daka a sha a madadin kofi. Wannan sanin masu shi ne, da iyakarsa da gwargwadonsa. Abin da nake tsoro shi ne yarinyar da ta tashi a birni, aka aike ta ta tsinko tafasa a fegin da ke bayan gida, ba ta da abin dogaro sai hoton da ta gani a jarida ko a waya.

Wannan yarinya kuwa ba tatsuniya ba ce. A daminar bara na aiki jikokina biyu su samo mini tafasa a wani fili da ba a gina ba a unguwarmu, suka dawo da buhu cike, kusan rabinsa raiɗore. Kakarsu ba ta ko tashi daga tabarma ba, daga warin ta gane, ta zauna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu faɗa. Ita ba ta taɓa jin sunan Linnaeus ba, amma ta san cewa ƙaramin ganye na kan toho ake ɗiba kafin tsiron ya yi fure, a tafasa shi a zubar da ruwan farko, a matse, sannan a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da tonka da albasa, ko a shanya a inuwa a ajiye don miyar rani. Ta san tsohon ganye yana saki ciki, ta kuma san ba a barin kaji su cika cin 'ya'yan tafasa ɗanyu, domin su ma ba su rasa nasu lahani. Mu da muka ga shekarar 2005 a wannan jiha, bayan fari da fara na shekarar da ta gabace ta sun haɗu sun bar rumbuna wayam, har aka cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Maradi, mun san gidaje nawa ne tafasa da jiga da anza suka riƙe har sabon gero ya nuna. Sanin da ya ceci mutane a wannan shekara yana hannun tsofaffin mata, kuma ban ga alamar ana karɓarsa daga gare su yadda ya kamata ba.

Sunaye ma suna ƙara rikita al'amarin. A nan Nijar wasu suna ce wa raiɗore sanga-sanga, wasu kuma kinkiliba, alhali abin da mutanen Senegal suke kira da wannan suna na biyu, suke shan shayinsa, wani itace ne dabam, wanda mu muke kira geza. A littattafan masana kuma za a tarar an daɗe ana rubuta tafasa da sunan Cassia tora, wanda a gaskiya sunan wata 'yar'uwarta ce ta nahiyar Asiya mai kama da ita ƙwarai. A 1982 ne wasu masana biyu a Amurka, Irwin da Barneby, suka rarraba tsohon rukunin Cassia gida uku, tafasa da raiɗore da filasko suka koma Senna, bagaruwar ƙasa ta koma Chamaecrista, itacen marga ya zauna a Cassia. Don haka wanda ya rubuta suna a intanet ya ɗauko hoton farko da ya fito masa, kamar yadda nake zaton an yi a ofishinku, yana iya ɗauko kowanne daga cikinsu.

Akwai wata magana guda a sharhin da ita ma take son gyara, inda aka ce tafasa tana ƙara wa gona ƙarfi kamar yadda wake yake yi tunda danginsu ɗaya. Wake da gyaɗa da gadagi suna da wasu ƙananan ƙuraje a saiwarsu, inda ƙwayoyin halitta suke zaune suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi taki. Tafasa da 'yan'uwanta na Senna ba su da waɗannan ƙuraje, kuma duk mai shakka ya tuge wake da tafasa a gona ɗaya ya wanke saiwarsu ya gwada. Abin da ya sa ake ganin ta yi kyau a makwancin shanu shi ne ta tarar da taki a wurin, ba ita ta kawo shi ba. Idan ta ruɓe a ƙasa tana da amfani kamar kowace ciyawa, amma manomin da ya bar ta a cikin gyaɗa ko wake yana jiran ta yi masa aikin taki zai tarar ta shanye ruwa ta rufe shuka.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku sake buga hotunan guda biyu gefe da gefe, kowanne da ganyensa da kwansonsa a fili, a rubuta sunansa na Hausa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ba sai an je nesa ba wajen tabbatarwa, domin akwai masana tsirrai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, kuma kowace mai tallan kwaɗo a kasuwar Maradi za ta raba muku su cikin minti ɗaya. Idan wakilinku na nan yana so, ya zo a watan Satumba lokacin da dukansu suke ɗauke da fure da kwanso tare, in kai shi bakin gulbi ta hanyar Tibiri, inda na san wurin da tafasa da raiɗore suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauki hoton da hannunsa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin gona,
Maradi, Jamhuriyar Nijar