Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ed Miliband, Sakataren Makamashi Na Birtaniya: Kada Ka Bar Ƙofar Baya A Buɗe

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Ni ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce a gaɓar tekun Lancashire, kuma ƙuri'ata na cikin waɗanda suka kawo jam'iyyarku ta Labour mulki a watan Yulin 2024. Maganar firakin ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato haƙar gas ɗin nan da ake tura ruwa da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa har ya tsattsage, yashin ya tokare tsagar, gas ya samu hanyar fitowa.

Ranar Litinin 26 ga Agustan 2019, ranar hutu ce, amma masu irin aikinmu ba su san hutu ba. Wajen ƙarfe 8:30 na safe ina ɗakin girkin wata dattijuwa da nake kula da ita, na zuba mata shayi ke nan zan miƙa mata. Sai na ji wata ƙara daga ƙasa kamar an jefar da buhun siminti a bene. Kofunan da ke rataye suka bugi juna, gilashin taga ya yi kakkarwa. Ban san lokacin da salati ya fito daga bakina ba. Ita kuwa ta damƙe wuyan hannuna da duka ƙarfin da ya rage mata, tana tambayata ko babbar mota ce ta bugi gidan. Na fita na duba, babu ko keke a layin. Ranar ba ta ci abincin rana ba, kuma makonni bayan haka ko ƙofa aka rufe da ƙarfi sai ta zabura. Girgizar ƙasa ce mai ƙarfin 2.9, daga filin haƙar gas na Preston New Road da ke nan Lancashire. Ka san dokar da aka gindaya wa masu haƙar ita ce su tsaya da zarar girgiza ta kai 0.5.

Ba wannan ce ta farko ba. A 2011 an yi biyu kusa da Blackpool, ɗaya 2.3, ɗaya 1.5. A 2015 majalisar gundumar Lancashire ta ƙi ba da izinin haƙa a Preston New Road, amma a Oktoban 2016 minista Sajid Javid ya soke hukuncinta daga Landan. Kakanni mata na yankin nan suka ɗaura kallabi, suka sa rigunansu masu ruwan ɗorawa, suka yi ta zaman dirshan a bakin titi cikin sanyi da ruwan sama. Sai da ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gadajen mutane sannan gwamnati ta dakatar da aikin a Nuwamban 2019, bayan hukumar kula da mai da gas ta ce babu hanyar da za a iya hasashen girman girgizar da zai haifar.

Dakatarwa ce aka yi, ba doka ba, kuma babu wanda ya fi ka sanin bambancin. A Satumban 2022 gwamnatin Liz Truss ta ɗage ta da sanarwa guda. Kai ne ka miƙe a majalisa ranar 19 ga Oktoba ka jagoranci yunƙurin tilasta ƙuri'a kan dokar haramci. An kayar da ku, 326 da 230, amma hayaniyar daren nan ta ƙarasa gwamnatin, washegari Truss ta ce ta sauka. Rishi Sunak ya zo ya mayar da dakatarwar cikin mako guda. Abin da firaminista ɗaya zai cire da safe wani ya mayar da yamma ba kariya ba ce ga gidan kowa. Shi ya sa na yi murna da na ga alkawarin haramci na dindindin a takardar manufofinku ta 2024, na ƙara murna da ka nanata shi a taron jam'iyya na Liverpool a farkon Oktoban 2025.

To ga abin da ke hana ni barci. Me kuke kira firakin?

Dokar ababen more rayuwa ta 2015 ta auna shi ne da yawan ruwa. Idan ruwan da za a tura ya haura lita miliyan 1 a mataki guda, ko lita miliyan 10 gaba ɗaya, to firakin ne a idon doka. Idan bai kai ba, ba shi ba ne, dakatarwar ba ta shafe shi ba. Ta wannan kafar kamfanoni ke bi. Sun canza wa tuwo suna, suna cewa ɗan matsi ne kawai na cusa yashi don buɗe bakin rijiya. An yi shi a Wressle da ke arewacin Lincolnshire a 2021. An nemi izinin yin irinsa a Burniston, ƙauyen da ke kusa da Scarborough, daf da gandun North York Moors. Ruwa ne da yashi da sinadarai, ana tura su da ƙarfin da zai fasa dutse. Ranka ya daɗe, idan wannan ba firakin ba ne, mene ne?

Na ji hujjarsu. Suna cewa dutsen daban ne, ba irin na Lancashire ba, kuma ruwan kaɗan ne. Na yarda dutse ya bambanta da dutse. Amma batun ƙarancin ruwa bai kwantar mini da hankali ba, domin a Preston New Road ma babu matakin da ruwansa ya kai lita miliyan 1, kuma duk da haka kofuna suka bugi juna a gidan da ke da nisan kilomitoci daga rijiyar. Tsagar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ba ta san adadin da aka rubuta a doka ba. Ruwa ya isa gare ta, ya sassauta ta, sai ta zame. Idan dokar da za ka kawo ta ɗauko wancan ma'aunin na 2015 ta manna, to ka rufe ƙofar gaba ka bar ta baya a buɗe, kuma mutanen Burniston za su ce an yi musu alkawarin da bai haɗa da su ba. Za su yi gaskiya.

Girgiza ita ce abin da na ji da jikina, amma ba ita kaɗai ba ce. Ruwan da ke dawowa daga cikin rijiya yana fitowa da gishiri mai yawa da burbushin sinadarai masu tururin nukiliya da ke cikin dutsen tun asali, sai an kwashe shi a tankoki an bi da shi ta ƙananan hanyoyin ƙauye. A garin Dimock na jihar Pennsylvania a Amurka, gas ya shiga rijiyoyin shan mutane, har rijiyar wani gida ta fashe a farkon 2009, kuma sai a 2022 kamfanin da ke haƙar gas a yankin ya amince a gaban kotu zai biya kuɗin kai musu ruwan famfo. Shekara 13 iyalai suna jira. Ga kuma iskar metan da ke tsiyaya, wadda a tsawon shekara 20 ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya fiye da sau 80. Wannan fanninka ne, ba sai na koya maka ba.

Na san matsin da kake ciki. Kuɗin wuta da na gas sun yi wa talaka katutu, ina ganin tsofaffin da ke kashe na'urar ɗumama ɗaki su lulluɓa da bargo biyu. Jam'iyyar Reform na ce musu arziki na kwance a ƙarƙashin ƙafafunsu, kuma a Mayun 2025 ta karɓe majalisun Lancashire da Lincolnshire. Amma Kwasi Kwarteng, ɗan jam'iyyar Conservative, yana ministan kasuwanci a 2022 ya faɗa da bakinsa cewa gas ɗin da za a haƙo a karkarar Ingila ba zai sauko da farashi ba, domin a kasuwar Turai za a sayar da shi. Ka fito ka faɗa wa mutane wannan a Blackpool da garin Gainsborough na Lincolnshire, ba a zauren taro kaɗai ba. Faransa ta haramta tun 2011, Ireland a 2017, kuma babu wadda ta tsaya a kan sanarwar minista.

Don Allah, ranka ya daɗe, kada ka jira zaɓe ya ƙarato. Kuna da rinjaye mai yawa a majalisa yanzu, babu wanda ya san abin da 2029 za ta zo da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta dokar a kan abin da ake yi wa dutsen: duk wanda zai tura ruwa da nufin fasa shi don fitar da mai ko gas, haramun ne, lita ɗari ce ko lita miliyan. Kafin dokar ta fito, ka faɗaɗa dakatarwar ta haɗa da ƙaramin matsin nan, don kada a huda ƙasa a wani ƙauye ana cikin muhawara a Landan.

Dattijuwar nan ta rasu a lokacin korona. Jikarta ce ke zaune a gidan yanzu da yara biyu, kuma duk lokacin da muka haɗu a kanti sai ta tambaye ni ko na ji wani labari a kan dokar.

Taka mai jiran cika alkawari,
Wata ma'aikaciyar kula da tsofaffi, Lancashire