Wasiƙa zuwa ga ɗana: ka koma yadda kake

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Maganar da ka yi mini a waya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce ka daina zuwa furta zunubi, har Jibi Mai Tsarki ka bar karɓa, wai kunya ta ishe ka: kullum laifi ɗaya kake kaiwa gaban Fada, wato firist, ka yi alkawari, ka karya, ka sake komawa. Ka ce sai ka gyara halinka tukuna. Ban tambaye ka wane laifi ne ba, ba kuma zan tambaya ba, wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne. Jiran nan da kake yi shi ne ya hana ni sakat.

Na san lissafin da kake yi a ranka: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsakanin mutane maganar tana da gaskiyarta, amma a gaban Allah ba ta ci. Kai kana ganin ja da bayan da ka yi tawali'u ne. Ka yi mini haƙuri, ni ina hango girman kai a ciki, irin mai laushin nan da mutum ba ya jin sa a jikinsa. Kana so ka zo wa Allah da hannu cike, ya dube ka ya ce madalla. Ba ka so ya gan ka a matsayin mabukaci. To wa ya taɓa wanke zuciyarsa da ƙarfin kansa? Da muna iyawa, me zai kai Yesu kan gicciye? Shi da bakinsa ya ce masu lafiya ba ruwansu da likita, sai marasa lafiya, kuma masu zunubi ya zo kira.

Ka ɗauki Littafi Mai Tsarki ka duba mutum biyu da suka ci amanarsa a dare ɗaya. Yahuza ya yi nadama, kada ka manta da wannan. Matiyu sura 27 ta nuna ya mayar da azurfa talatin ɗin, har ya buɗe baki ya ce ya yi zunubi. Amma a gaban wa ya faɗa? A gaban manyan firistocin da suka saye shi, su kuwa suka ce ina ruwansu, shi ta shafa. Ya kai nadamarsa ƙofar da ba jinƙai, sannan ya yanke wa kansa hukunci. Bitrus ma bai yi abin kirki ba. Yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, harda rantsuwa. Ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwa ba. Bayan Yesu ya tashi daga matattu, da aka ce masa Ubangiji ne a bakin teku, bai tsaya shirya kalmomin ban haƙuri ba, tsalle ya yi ya faɗa ruwa ya nufe shi. A can ma wutar gawayi ya tarar, Yohanna ya rubuta haka a sura 21. Yesu bai ce masa ina alkawarin da ka yi ba. Tambayarsa ɗaya ce, sau uku: kana ƙaunata? Ya kuma damƙa masa kiwon tumakinsa. Ba girman laifi ne ya raba mutanen nan biyu ba. Inda kowa ya kai laifinsa ne.

Ina so in yi maka zancen Waliyyiya Tereza ta Lisiyo, don mutane da yawa hotonta kawai suka sani, yarinya rungume da furanni, sai su ɗauka rayuwarta ta zo da sauƙi. An haife ta a Alanson ta ƙasar Faransa a 1873. Tana shekara huɗu mahaifiyarta ta rasu. Wajen shekara goma sha biyu ta kamu da ciwon da kake fama da irinsa, wato zuciya mai yawan zargin kai: ko wane tunani ya gilma mata sai ta ga zunubi ne, ta yi ta kuka, haka ta sha wahala fiye da shekara guda. A Faransar wancan lokaci akwai sauran gurbin koyarwar 'yan Jansen, wadda ta cusa wa mutane tsoron Allah irin na bawa da ubangidansa mai zafi, har masu ibada suna ƙaurace wa Jibi don ganin ba su isa ba. Sai a 1905 Paparoma Piyus na 10 ya fito fili ya ƙarfafa masu bi su riƙa karɓa a kai a kai, ko da kullum ne, muddin ba su cikin babban zunubi kuma niyyarsu mai kyau ce. Tereza ba ta ga wannan rana ba, amma ta riga ta gane abin.

A 1887, tana shekara goma sha huɗu, aka yanke wa wani mutum mai suna Pranzini hukuncin kisa saboda kashe mata biyu da yarinya a birnin Paris. Ya ƙi tuba, ya ƙi furta zunubi. Yarinyar nan ta ɗauke shi a addu'a kamar ɗanta, ta ce ko bai nuna alamar tuba ba ta tabbata Allah zai ji ƙansa, amma tana roƙon alama ɗaya don ta'aziyyarta. Washegarin kisan ta buɗe jarida ta ga cewa a ƙarshen ƙarshe ya juyo ya kama gicciyen da Fada yake riƙe da shi ya sumbace shi sau uku. Ka yi tunani, ɗana. Idan yarinya ƙarama ta iya sa rai ga mai kisan kai haka, kai me ya sa ka fid da rai ga kanka?

Ta shiga gidan sistocin Karmel tana shekara goma sha biyar. A zamanin akwai masu ibada da suke miƙa kansu ga adalcin Allah don su ɗauki horon da ya cancanci masu zunubi. Ita sai ta duba ta ga wani abu dabam: ƙaunar Allah tana neman inda za ta malala, mutane suna rufe mata ƙofa. Ranar 9 ga Yuni 1895 ta miƙa kanta ga ƙaunarsa mai jinƙai, ta ce a maraicen rayuwarta da hannu wofi za ta bayyana a gabansa, ba ta so ya ƙirga mata ayyukanta. Kada ka ɗauka lalaci ne. Wannan ce sistar da wata take fantsama mata ruwan datti a fuska wajen wanki, ta danne zuciyarta ba ta ko nuna ba. Wadda ta fi ba ta haushi a gidan ita ta fi sakar wa fuska. Ta yi aiki iyakar ƙarfinta, sai dai ba ta jingina da aikin ba.

Daga Ista ta 1896 kuma duhu ya rufe ta. Tarin fuka ya fara sa ta aman jini, a lokaci guda jin daɗin bangaskiya ya ɗauke mata ƙaf, har wata murya a ranta tana ce mata babu komai bayan mutuwa. Haka ta zauna shekara ɗaya da rabi, tana ba da gaskiya ba tare da tana jin komai ba, har ta rasu ranar 30 ga Satumba 1897 tana shekara ashirin da huɗu. A cikin wannan duhun ne ta ce ko da duk zunuban duniya suna kanta, da karyayyar zuciya za ta ruga ta faɗa hannun Yesu. Wannan yarinya da ba ta yi karatun tauhidi ba, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa ta Malamar Ikilisiya a 1997. Na kawo maka wannan ne saboda ka ce mini in ka yi addu'a ba ka jin komai. Dogara ba sai da ji ba. Wani lokacin ranar da ba ka ji komai ba amma ka durƙusa, ita ce ranar da ka fi dogara.

Yaron da ya faɗa cikin taɓo, in ya ɓuya bayan ɗaki yana goge jikinsa da hannu, ƙara shafa dattin yake yi. Uwa ba ta jiran ya tsabtace kafin ta ɗauke shi, kukansa kawai take so ta ji ta san inda yake. Ni da nake mutum mai gajen haƙuri na yi maka haka. Allah kuwa ta bakin Ishaya ya ce ko uwa ta manta da jaririnta, shi ba zai manta da mu ba.

Sai dai kada ka juya maganata. Akwai rami biyu a gefen hanyar nan. Ɗaya fid da zuciya, wanda kake bakinsa yanzu. Ɗayan shi ne mutum ya ce ai Allah mai gafara ne, bari in ci gaba da abina. Wannan raini ne, ba dogara ba. Wanda ya dogara da gaske yana ƙin zunubinsa, yana guje wa wurin da abokan da suke ja masa faɗuwa, in ya cuci wani ya biya shi haƙƙinsa. Abin da ba ya yi shi ne ya mai da faɗuwarsa dalilin guje wa Uba.

Game da kunyar Fada, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu abin da za ka faɗa wanda bai taɓa ji ba, shi ma kansa yana durƙusawa gaban wani Fada ya furta nasa. Dokar Ikilisiya ta hana shi fitar da abin da ya ji ko da za a kashe shi. In wanda ya san ka ne kake jin nauyi, je wurin wani, kana da wannan 'yanci. In kuma kana tsoron nadamarka ba ta cika ba, ka tuna ɗan nan na Luka sura 15: yunwa ce ta koro shi gida, ba tsantsar ƙaunar ubansa ba. Ya shirya jawabinsa tun daga hanya, amma uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa a guje, bai ma bar shi ya kai inda zai ce a mai da shi ɗan ƙwadago ba, sai kiran riga da zobe. Ikilisiya ma tana koyar da cewa nadamar da tsoro ya haifa ta isa mutum ya zo da ita wurin furta zunubi, alherin Allah zai cika sauran.

Ga abin da nake roƙonka. Kada makon nan ya wuce ba ka je ba. In ka rasa ta inda za ka fara, ka ce wa Fada ka daɗe rabonka da zuwa, ya taimake ka, zai yi. Da dare kafin ka kwanta ka karanta Zabura 131, aya uku ce kawai. In zargin nan ya taso maka da rana, kada ka tsaya gardama da shi, ka faɗi 'yar addu'ar nan da ta zo mana ta hannun Waliyyiya Faustina: Yesu, na dogara gare ka. In ka sake faɗuwa bayan haka, ka sake komawa, ko sau nawa ne.

Babanka yana gaishe ka, ban gaya masa abin da muka tattauna ba, in ka so ka gaya masa da kanka. Ka kira ni ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Ni ce mahaifiyarka.