Zaman karatu na Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa,

Zamanmu na wannan mako ranar Asabar ne, bayan La'asar, a zauren da muka saba. Batu: soyayya a wajen masanan Girka na da.

Kowa ya karanto jawabin Aristofanis, marubucin wasannin barkwanci, a littafin Symposium na Aflatun, inda ya ce asali mutum hannu huɗu gare shi, ƙafa huɗu, fuska biyu, Zeus, babban abin bautar Girkawa, ya tsaga shi biyu, shi ya sa kowa ke neman rabinsa. Sai a gwada da maganar Diyotima, matar da aka kawo bayaninta a littafin: So uwarsa Talauci, ubansa Dabara. Ni dai tata ta fi kwanta mini.

A taho da naira 500 kuɗin shayi. Mai uzuri ya faɗa nan kafin Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya.