Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar min da katin hoto na kwamfuta mai tambarin OC

Yallaɓai Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na fito da maganar nan bainar jama'a ne saboda sau uku ina tako ƙafa zuwa shagonku, amsar kuma ba ta canza ba: wai ni na ƙara wa katin gudu da hannuna, don haka garanti ya faɗi.

Sana'ata haɗa bidiyo ce a nan Kano, na biki da na talla. Katin hoton da na saya a wurinku, wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo a cikin kwamfuta, an buga masa OC ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ma'anar haruffan nan biyu ita ce tun daga masana'anta an ɗaga gudunsa sama da ma'aunin da masu ƙera ƙwaƙwalwarsa suka tsayar. Yaron shagonku da bakinsa ya ce min abin da ya sa ya fi ɗan'uwansa tsada ke nan, ni kuwa na cika kuɗin ban ko nemi ragi ba.

Sati biyu aka yi lafiya lau. Daga nan, ina tsakiyar fitar da bidiyo sai allo ya yi baƙi ƙirin, ya dawo, Windows ta ce direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Daƙiƙa 2 kacal Windows ke jiran kati. In bai amsa ba sai ta sake tayar da direban, aikin da ke kan hanya kuma ya bi ruwa. Lamba 4101 ce ke fitowa a kundin rahotonta kowane karo, hotunan suna wayata a jere. Akwai daren da na maimaita bidiyon wani biki har sau huɗu, dangin amarya suna ta kira.

Injiniyanku ya fara da ɗora laifi a kan wutar gari. To ni da inbata nake aiki. Na goge direban tas da manhajar DDU na sa sabo. Na bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, ko kuskure ɗaya bai samu ba. Akwatin wutar kwamfutar mai wat 850 ne, kuma kowace kafar wuta ta katin na ba ta wayarta daban, tunda wat 150 aka ƙayyade wa kafa mai fil 8, ramin da katin ke zama kuma 75 yake bayarwa. Zafi ma na duba, don na san garin da nake: ɗakina da na'urar sanyi, na hure ƙurar fankokin, kuma manhajar GPU-Z mai nuna zafin kati ba ta taɓa nuna min sama da digiri 72 ba. Na aro katin wani abokin sana'a na sa a injin nan dai, kwana uku ko gezau.

Ga inda gizo ke saƙa. A manhajar direban akwai zaɓin da ke cire ƙarin gudun masana'anta, ya mayar da kati ma'auninsa na asali. Ina kunna shi sai komai ya lafa, sati guda cur. Ina kashe shi, kafin minti 20 allo ya sake ɗaukewa. Wato gudun da ke kayar da katin shi ne wanda ya zo da shi a kwali, shi ne kuma wanda kuka karɓi kuɗina a kansa.

Eh, akwai MSI Afterburner, manhajar ƙara ko rage gudun kati, a kwamfutata, ban ɓoye ba. Ita injiniyanku ya hango ya ce shi ke nan, an kama ni. Da ya matso kusa da allon da ya ga alamar ragi a gaban lambar, domin megahaz 100 na rage don in samu in gama aikin mutane. Na san ƙwaƙwalwar kati ba ta fitowa da ƙarfi ɗaya, wata tana ɗaukar ƙari wata ba ta ɗauka. Ai dalilin da ya sa ake gwaji ke nan kafin a buga OC, ba bayan mai saye ya kai gida ba.

Buƙatata ba ta da yawa. Ku sa katin a injinku, a gabana, da sabuwar Windows wadda babu manhajata ko ɗaya a ciki, a gudun da ya zo da shi. In ya yi awa ɗaya yana aiki mai nauyi bai faɗi ba, zan ɗauki abina in ba ku haƙuri a nan inda na yi ƙorafin. In ya faɗi, ku canza min ko ku dawo min da kuɗina. Ina jiran amsarku nan da sati guda, bayan haka zan kai rasit da hotunan gaban hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.

Na gode. A huta lafiya.

Naku,
Mai haɗa bidiyo daga Kano