Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni ko "dirag" daudanci ne

Assalamu alaikum, Malam.

A wajen laccar da na gabatar makon jiya ka miƙe ka tambaye ni: mazan nan na Amurka da ke caɓa ado irin na mata suna rawa da waƙa a gidajen shaƙatawa na 'yan luwaɗi, abin da suke kira dirag, ba 'yan daudunmu ba ne kawai a ƙasar Turawa? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

A ganina ba ɗaya ba ne. Ɗan daudu, kamar yadda muka san shi a tasha yana tuƙa tuwo ko soya kaza, yana karairaya yana magana da habaici irin na mata, haka yake safe da yamma, rayuwarsa ke nan da sana'arsa. Shi kuwa dirag wasa ne na dandali. Mutum ya shafe sa'o'i gaban madubi yana shafa hoda, yana manna gashin ido, ya hau dandali, in an tashi ya wanke fuska ya koma gida da wandonsa.

Kuma wasan a ƙarƙashin sandar 'yan sanda ya girma. William Dorsey Swann, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a jihar Maryland, shi ke shirya bukukuwan rawa a asirce a birnin Washington a shekarun 1880. A 1888 'yan sanda suka kai samame suka same shi sanye da doguwar rigar mata ta satin, ya tare ƙofa ya yi kokawa da su. A 1896 aka ɗaure shi wata 10. Ya nemi afuwa daga Shugaba Grover Cleveland, aka hana shi. Duk da haka, zuwa shekarun 1920 dubban mutane ke cika zauren bikin dirag na Hamilton Lodge a unguwar Harlem ta New York, har da masu kuɗi da ke zuwa kallo.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne José Sarria, mawaƙin mashayar Black Cat a San Francisco. Doka a lokacin ta hana namiji shigar mata da niyyar yaudara, sai ya raba wa abokansa 'yan takardu su maƙala a ƙirji, an rubuta "ni namiji ne". To, ina yaudarar? In an kame wasu, yakan ja masu kallo zuwa ƙofar gidan yari su rera musu waƙa daga waje. A 1961 ya tsaya takarar kansila bai ɓoye ko shi wane ne ba, ya samu ƙuri'u kusan 6,000. Bayan shekara 8 aka yi tarzomar Stonewall a New York, wato boren da aka yi wa 'yan sanda bayan samame a wata mashayar 'yan luwaɗi, inda Marsha P. Johnson, baƙar fata mai shigar dirag, ta yi fice. Gasar dirag ta RuPaul da ake nunawa a talabijin tun 2009 daga baya ta zo, kuma ita yawancinmu muka fara gani a waya, shi ya sa muke zaton abin jiya aka fara.

Ban rubuto don in sauya maka abin da ka yi imani da shi ba, Malam. Abin da ke damuna shi ne matasanmu sun fara cewa daudanci ma daga Amurka aka kawo shi, alhali kakanninmu sun san 'yan daudu a wajen wasan bori da gidajen biki tun kafin intanet ta shigo ƙasar Hausa. In mun haɗa su a kwano ɗaya, mun ɓata tarihin Swann, mun kuma manta namu.

Ka gaida iyali.

Naka,
Mai laccar ranar Asabar